Matata tana Damagaram, buteli kuwa wayam: ina gaz ɗinmu ke tafiya?

Maman Abdul: Assalamu alaikum ƴan zaure. Don Allah wa ya san inda ake samun gaz a nan Maraɗi? Yau kwana huɗu ke nan ƙaramin butelina yana yawo a bayan kabu-kabu. Daga unguwar Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo har bakin babbar kasuwa, ko'ina sai a nuna ma yaro buteloli jibge, duk wayam. Jiya da la'asar ya samu wani shago, mai shagon ya leƙa dama ya leƙa hagu, sannan ya ce akwai, amma jikka biyu da rabi. Na kilo 6 fa, wanda kowa ya sani jikka ɗaya da dala ɗari da sittin. Na ce a maido mini abina. Da safen nan da ice na dama kunun yara, ina hura wuta ina sharar hawaye, ga su sun makara lakwal. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne matatar mai tana nan Damagaram, ba Turai ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan?

Habsu: Wa alaikumus salam. Ke kin yi ƙoƙari da kika maido. Ni biya na yi. Maigida ya dawo yana jiran abinci, mi zan ce mishi, hukuma ta ce dala 360?

Iro mai gaz: Salamu alaikum. Na san yau namanmu za a ci a zauren ga, to bari in zo da kaina. Hajiya, makon jiya buteli tamanin na kai depo. Kwana shida suna can, aka maido mini ashirin da gaz, sittin yadda na kai su. Kuɗin ɗauka na biya zuwa da dawowa, hayar shago ba ta san an yi ƙaranci ba, yaron shago ma sai ya ci. Ribar buteli guda in an saida shi yadda aka tsaida ba ta kai mutum tasha a kan kabu-kabu. Da can yawan ciniki ke rufe mu. Ban ce jikka biyu da rabi daidai ne ba, ni ban taɓa kai shi can ba. Amma ku riƙa tambayar abin da ya sa ashirin suka fito maimakon tamanin.

Habsu: Iro, "ban taɓa kai shi can ba" ka ce. To ina ka kai shi?

Iro mai gaz: Hajiya Habsu, wannan sai mun haɗu.

Injiniya Lawali: Tambayar Iro ita ce tambayar, ko da ya yi ta ne don ya kuɓuta. Bari in ɗan yi lissafi, ku yi haƙuri da tsawonsa.

SORAZ, wato matatar man Damagaram, ta fara aiki a ƙarshen 2011. Ganga dubu 20 take tacewa a rana, ɗanyen man kuma daga Agadem yake zuwa ta bututu mai tsawon kilomita 460 da ɗoriya. Gaz ɗin da muke girki da shi ba daga wata rijiya daban yake fitowa ba. In an dafa ɗanyen mai, isansi ya fita, gazuwal ya fita, sai wani ɗan kaso mai sauƙi ya taso sama, shi ne ake matsawa a zuba a buteli. Kamar man shanu ne a kan nono: in ƙwaryar ba ta ƙaru ba, duk kaɗawar da za ki yi man ba zai wuce nasa ba. A tsarin da aka gina matatar, gaz ɗin da take bayarwa wajen tan dubu 44 ne a shekara.

To ku raba. Tan dubu 44 kilo miliyan 44 ne. A buteli mai kilo 6, ya kama buteli miliyan 7 da ƴan kai a shekara, wato kamar dubu 600 a wata. In kowane gida buteli guda yake ƙonawa a wata, gida dubu 600 ke nan. Maman Abdul, buteli guda yana kai ki wata?

Maman Abdul: Ina! Mu goma sha ɗaya ne a gidan. In ya yi sati biyu na gode Allah, da sanyin ga da kowa ke son ruwan zafi ma ko kwana goma ba ya yi.

Injiniya Lawali: To kin gani. Gida dubu 300 ke nan, a ƙasar da ƙidayar 2012 ta ba mutum miliyan 17, yanzu kuwa mun haura miliyan 25. Ku ce ma matatar ta yi ƙoƙari ta ba da tan dubu 60, lissafin bai sake kama ba. A shekarun farko gaz yawa ya yi mana, har siterni ke ɗauka zuwa Najeriya a saida, don masu girki da shi ƴan kaɗan ne, ma'aikata da wasu gidaje a Yamai. Sai aka sauke farashi, aka yi ta shela a rediyo cewa a bar ice a koma gaz. Mutane suka ji shela. Matata tana nan yadda aka gina ta, masu buteli kuwa kullum ƙaruwa suke. Ranar da aka tsaida injinan don gyara, wanda dole ne ga kowace matata, ko azumi ya kama, ko sanyi ya shigo, sai abin ya fito fili, don ajiyar da muke da ita ba ta ɗaukar mu nesa.

Sa'adu ɗan jami'a: Injiniya, da izininka. Tun 2024 ba ganga dubu 90 ake turawa Benin kullum ba? Ya za a ce ƙwarya ba ta ƙaru ba?

Injiniya Lawali: Ƙanena, wancan ɗanye yake tafiya. Ya bi bututu kusan kilomita 2,000 zuwa Seme, ya shiga jirgin ruwa. Duk matatar da ta saye shi a can waje ita ke cin gaz ɗin da ke cikinsa. Kuɗi yake kawowa, ba ya cika buteli. An dai sa hannu a kan maganar sabuwar matata a Doso a 2024, amma takarda ba ta dafa tuwo.

Mamman Jiratawa: Ina gaida manya. Tunda ana lissahi bari in hwaɗi gaskiya, mu ma masu lambu muna cikin masu sha. Injin ban ruwana shekara ukku ke nan ban zuba mishi isansi ba. Wani makanike ya sauya mishi baki, ya ja tiyo zuwa buteli, shi ke nan. Ku zagaya gulbi da rani ku ƙirga buteloli a gindin rijiyoyi. Ba mu kaɗai ba, masu shayi, masu tuyar ƙosai da fanke, har masu janareto.

Maman Abdul: Au, ashe ku ne! Ni ina hura wuta, kai kana shayar da albasa da gaz ɗina.

Mamman Jiratawa: Hajiya, albasar ai tukunyarki za ta. In na koma isansi ke za ki biya a kasuwa.

Injiniya Lawali: Mamman bai yi wauta ba. Ƙarfin da ke cikin kilo 6 na gaz ya kai na lita 8 na isansi. Lita tana sefa 499 tun ragin da aka yi a watan Yulin 2024, lita 8 kusan jikka huɗu ke nan, buteli kuwa bai cika jikka biyu ba. Wa zai ga haka ya ƙi? An sauƙaƙa abu don uwargida, sai duk mai injin da zai iya shan sa ya shigo layi.

Alhaji Ɗan Isa: Duk kun bar babbar ƙofa kuna duban taga. Ni a bakin iyaka nake kwana nake tashi. Ku zo da asuba ku ga babura suna bin hanyoyin daji, kowane da buteli huɗu, biyar ɗaure da roba, an lulluɓe da buhu. Ba Madarunfa za su ba. Kilo a nan dala sittin, a can ya daɗe da haura naira dubu. Ko da canji ya motsa akwai abin ci a tsakani. Ƴan duwan suna kamawa, amma iyakar ga ba ƙyaure gare ta ba.

Malam Kabiru Katsina: Alhaji, a yi mana adalci. Shekara nawa Maraɗi tana shan fetur ɗinmu a kwalba a bakin titi, lokacin da gwamnatinmu ke biyan tallafi? Ba mu ji kun kira taro ba. Sai da Tinubu ya cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, fetur ya daina tsallakowa da araha, kowa ya koma gidan mai, sannan a watan Maris na 2025 kuka ga layin da ba ku taɓa gani ba har Yamai. Abin da ya faru da fetur shi ne yake faruwa da gas, kiɗan ne ya juya. Kaya dai inda ya fi daraja yake bi.

Kuma kada ku ɗauka mu muna cikin daɗi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin gas a ƙarƙashin ƙasa, fiye da ƙafa tiriliyan 200 ake faɗa. Tun 1999 jiragen ruwa ke lodinsa a Boni zuwa Turai da Asiya. A Neja Delta har gobe ana ƙona wani a iska, dare kamar rana. Amma matata a Ƙofar Ƙaura gawayi take saye.

Habsu: Malam Kabiru, "matata" ka ce ko "matata"? Don tun ɗazu maganar matata ake.

Malam Kabiru Katsina: Ta gida nake nufi, Hajiya. Ita ma takan tsaya gyara in ba a kawo cefane ba.

Alhaji Ɗan Isa: Malam Kabiru, ban musa ba. Ni kaina na sha na kwalba, na kuma saida. Amma naku rijiya ce, namu randa. In kun ɗebi namu ƙasan ake gani.

Injiniya Lawali: Zan faɗi abin da na san ba za a so ba. Farashin ga sama da shekara goma yana wuri guda. Shinkafa ta tashi, siminti ya motsa, kuɗin mota ya tashi, gaz na nan a dala sittin kilo. Muddin abin da matata ke bayarwa ya ishe mu, ba laifi. Amma da zarar ya kasa, cikon dole daga waje za a sayo shi, da farashin duniya da kuɗin siterni tun daga bakin teku. Wane ɗan kasuwa zai sayo da tsada ya saida da araha? Sai dai baitulmali ta cike giɓin, kuma kowa ya san halin da ake ciki. A ganina gara a ɗan ɗaga shi a fili a samu kaya, da a bar shi a takarda ana saidawa jikka biyu da rabi a bayan kanta.

Maman Abdul: Injiniya, da girmanka, wannan maganar mai albashi ce. Yau in aka ce jikka biyu da rabi a hukumance, gobe mai shagon nan uku da rabi zai ce, yana leƙen dama da hagu yadda ya saba. Ni na san mata a unguwarmu da suka yi adashi wata biyar kafin su sayi buteli da kan murhunsa. In ka ɗaga, za su jingine shi a lungu su ɗora tabarma a kai. Ku kama masu ɓoyewa da masu tsallakawa tukuna, sannan ku zo mana da lissafi.

Injiniya Lawali: Ban ƙi a kama su ba. Amma ko an kama su duka, buteli dubu 600 dai ne a wata.

Maman Abdul: To a ba masu girki su fara ɗauka.

Mamman Jiratawa: Ta yaya za a gane butelin girki da na lambu? Kala guda ne.

Malam Hamisu gandun daji: Ni ina bayan Maman Abdul, amma ba don tausayi kaɗai ba. Duk ranar da gaz ya yanke a Maraɗi, mu ne muke ganin sakamakon a kan hanya. Amalanken shanu da kamiyo cike da ice, wani ɗanye shar, ganyen bai ko bushe ba. Har yanzu gida tara cikin goma a ƙasar ga da ice ko kara ko gawayi suke girki. Dajin Baban Rafi shi ke ɗauke da murhun garin ga tun da daɗewa, don shi aka kafa kasuwannin ice na ƙauye a shekarun 1990, a riƙa sara da ƙa'ida. Yanzu ga yawan jama'a, ga rashin tsaro ya sa masu sara ba su shiga can ciki, sai su afka ma na kusa da gari.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne na gonaki. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koyi barin tohon itace in suna sassabe, gawo da kalgo da sabara, har aka yi kiyasin eka miliyan 5 ta sake yin itatuwa, ana zuwa daga ƙasashe ana kallo. Gawon da ya shekara ashirin yana ba gona taki, in damin ice ya yi tsada, dare ɗaya ya ishe shi. Duk wanda zai lissafa abin da tallafin gaz ke ci, ya sa wannan a ɗaya gefen sikeli.

Injiniya Lawali: Hekta miliyan 5, Malam Hamisu, ba eka ba. Ka rage wa kanka hujja.

Malam Hamisu gandun daji: Na gode, hekta. Yatsa ne ya riga ni.

Baba Na-Allah: Ku yara kuna ta gardama. Mu da munka tashi, wa ya san wani gaz? Kara da kashin shanu anka dahwa muna tuwo da su, kuma ga mu. Ni har yau in anka yi tuwon hatsi bisa gaz ina ganewa tun loma ta hwarko, ba shi da ƙamshi. Kuma abin ga tsoro shi ke ba ni, bam ne a ɗaki.

Habsu: Baba, Allah shi ƙara girma, kai loma kake ganewa, Inna ita ce ta san hayaƙin. Ka tambaye ta idanunta.

Baba Na-Allah: Ɗiyar ga ba ki da ta ido. Amma ta yi tari kam, Allah shi ba ta lada.

Iro mai gaz: Baba, a kan maganar tsoro, yawanci tiyo ne da ƴar robar bakin buteli. In an ji wari kada a ƙyasta ashana a duba, ruwan sabulu ake shafawa, in ya yi kumfa akwai yoyo. A fitar da shi waje. Kuma a bar kwantar da buteli ko a sa shi cikin ruwan zafi don a tatse na ƙarshe, na ga mata suna yi kwanakin ga.

Sa'adu ɗan jami'a: Ni dai ina ganin duk wannan na ɗan lokaci ne. Bututun gaz na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, tun Yunin 2020 Buhari ya ƙaddamar da aikin. In ya iso Kano, saura na hamada, wanda zai ratsa Nijar ya kai Hassi R'Mel a Aljeriya, fiye da kilomita 4,000, mita kubik biliyan 30 a shekara. Ministocin ƙasashen uku sun sa hannu a Aljas a Yulin 2022, sun sake zama a Fabrairun 2025. Turai na neman wanda zai maye mata gurbin na Rasha tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke. Gaz zai bi ta ƙofar gidanmu, a ce mu rasa na girki?

Malam Kabiru Katsina: Sa'adu, shekararka nawa a 2009? Don a shekarar aka sa hannu a kan wannan bututun a Abuja. Na Kano ma shekara biyu aka ce mana. Ga Maroko kuma tana jan Najeriya ta bi da nata ta bakin teku. Ni layin dogon Kano zuwa Maraɗi na fi sa wa ido, shi aƙalla ina ganin ƙasar da aka tara a hanyar Jibiya.

Injiniya Lawali: Kuma ko ya zo gobe, ba irin na buteli ba ne. Namu butan ne da ɗan furofan, matsi kaɗan ke maida shi ruwa, shi ya sa ƙarfe mara kauri ke riƙe shi. Na bututu metan ne.

Alhaji Ɗan Isa: Metan? Dala metan kilo? Ai ya fi namu tsada.

Injiniya Lawali: Alhaji, sunan iskar ke nan, ba kuɗinta ba. Ita ba ta zama ruwa sai an sanyaya ta ƙasa da sifiri da digiri 160 da wani abu, abin da ake yi a Boni ke nan kafin a loda wa jirgi. Ba za ta shiga butelin Maman Abdul ba. Amfaninta a gare mu wajen kuran ne da masana'antu da takin zamani. Kuma in kun lura, tun yanzu muna shan ta ba mu sani ba. Layin da ke kawo mana wuta daga Katsina ta Gazawa, wutar Najeriya ce, wutar Najeriya kuwa wajen kashi uku cikin huɗu da gaz ake yin ta. In tashoshinsu suka rasa gaz, pankarmu ce ke tsayawa. Kun tuna Agustan 2023 da aka yanke layin saboda takunkumi, har sai da aka ɗage shi a Fabrairun 2024.

Inda zan yarda da Sa'adu guda ne. In kuran ya wadata ya yi sauƙi, Mamman zai sa famfon lantarki, mai janareto zai kashe nasa, buteli ya dawo madafa. Ta wannan hanyar bututu zai taimaki tukunya. Amma doguwar hanya ce.

Mamman Jiratawa: Ni ma hasken rana nake tara ma kuɗi. Maƙwabcina ya sa faranti huɗu, tun hantsi ruwa ke zuba ba ƙara ba hayaƙi. Ranar da na samu, Hajiya, na bar miki butelin har da tiyon.

Maman Abdul: Allah shi nuna mana. Kafin nan dai yara za su ci abincin dare.

Iro mai gaz: To ga labari. Yanzun ga aka kira ni daga depo, siterni biyu sun shigo, gobe za a fara cikawa. Ban san nawa za su faɗo mini ba. Wanda ke so ya kawo butelinsa yau kafin isha'i in rubuta suna da alli, kada gobe a ce na yi son kai.

Habsu: Nawa?

Iro mai gaz: Jikka biyu. Dala arba'in ɗin ta ɗauka ce.

Maman Abdul: Dala 360, Iro. A gaban shaidu.

Iro mai gaz: Hajiya, ki dai turo yaron.

Mamman Jiratawa: A rubuta mini biyu.

Maman Abdul: Iro, in ka rubuta ma Mamman biyu kafin ka rubuta mini guda, wallahi da kaina zan zo shagon.